Tsohon Magani ko Sabo? Abin da Bincike Ya Nuna Kan Magungunan Taɓin Hankali

Duk gidan da aka taɓa kai wani Dawanau, ko sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam, an san wannan gardamar. An dawo da takardar likita, an je kemis, mai kemis ya ce akwai mai sauƙi akwai mai tsada. Babban yaya ya ce a sayi mai tsadan, ai ba banza aka tsauwala masa kuɗi ba. Kawu ya ce shi dai Largactil ya sani, shi aka ba wani abokinsa tun zamanin soja, ga shi nan har yau yana buɗe shagonsa a Kwari. Uwa kuwa ba ruwanta da suna, ita dai ɗanta ya daina amsa wa muryoyin da ba mai jin su sai shi, ya samu barci, ya ci abinci cikin mutane.

Su ma likitocin ƙwaƙwalwa sun kwashe shekaru suna wannan gardamar, an kashe maƙudan kuɗi, an gwada magungunan a kan dubban marasa lafiya. Abin da ya fito ba zai yi wa babban yaya daɗi ba, bai kuma ba kawu gaskiya ɗari bisa ɗari ba. In aka ware magani guda mai suna clozapine, sauran ba su ba juna wata tazara mai yawa ba wajen kwantar da ciwon. Inda suka sha bamban ƙwarai shi ne irin wahalar da kowanne ke jawo wa jiki. A nan zaɓin yake: wace illa ce jikin wannan mutumin zai iya ɗauka, wane farashi ne aljihun gidan zai iya jurewa, ba na wata guda ba, na shekaru.

Ina magana ne a kan ciwon da likitoci ke kira sikizofiriniya da danginsa. Mutum ya riƙa jin muryoyi ko gane-gane, ko ya kafe a kan cewa ana bibiyarsa, an sa masa guba a abinci, mai magana a rediyo da shi yake. Wani kuma janyewa yake daga mutane, ya bar wanka, ya bar kula da komai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 300 ne ke da shi. Sai dai ba duk mai sambatu ba ne mai wannan ciwon. Zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wiwi da ƙwayoyi, farfaɗiya, ruɗewar da kan samu mace bayan haihuwa, duk suna iya zuwa da kama ɗaya, kuma tsawon maganinsu daban ne. Tantancewa aikin likita ne. Ni abin da nake so shi ne wanda zai raka mara lafiya ya shiga ɗakin likita ya san abin da zai tambaya.

Kusan duk waɗannan magunguna hanya ɗaya suke bi. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda aikinsa kan yi yawa a wani sashe idan ciwon ya tashi, su kuma magungunan suna toshe mashigarsa. Binciken da aka yi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wanda Shitij Kapur da abokan aikinsa suka wallafa a 2000, ya nuna wani abu mai amfani: ana fara ganin sauƙi idan an toshe kusan kashi 65 cikin 100 na mashigar, amma da zarar an haura wajen kashi 78 sai jiki ya fara sanƙarewa da makyarkyata. Tazarar ba ta da faɗi. Ma'ana, da yawa daga cikin abin da mutane ke tsoro game da "maganin Dawanau", wato mutum ya koma yana tafiya a sandare, hannu ba ya lilo, miyau na zuba, ba halin maganin ba ne kaɗai, yawan da aka bayar ne. Haloperidol miligiram 2 zuwa 5 a rana yakan isa ga mai ciwon farko. Miligiram 20 ba ya ninka sauƙin, illar yake ninkawa.

Tsofaffin su ne waɗanda aka saba da su. Chlorpromazine, wato Largactil, a Faransa aka haɗa shi, likitoci Jean Delay da Pierre Deniker suka fara ba masu taɓin hankali shi a birnin Faris a 1952. Haloperidol ya biyo baya a 1958 daga kamfanin Paul Janssen na Beljiyam. Akwai trifluoperazine da aka fi sani da Stelazine, da allurar Modecate. Sababbin kuma sun shigo kasuwar Amurka ne a jere: risperidone a 1993, olanzapine a 1996, quetiapine a 1997, aripiprazole a 2002. An kawo su da talla mai ƙarfi, cewa sun fi aiki, sun fi sauƙi a jiki, har suna farfaɗo da wanda ya janye daga mutane. Yawancin gwaje-gwajen farko kamfanonin da ke sayar da su ne suka biya. Wasu masu bincike sun duba irin waɗannan gwaje-gwajen a 2006, inda ake kara sabon magani da sabo, suka tarar a kashi 90 cikin 100 maganin kamfanin da ya biya kuɗin ne yake yin nasara. Kowa ya san wanda ya ba da kuɗin kiɗa shi ake wa waƙa.

Shi ya sa binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne CATIE, domin gwamnatin Amurka ce ta ɗauki nauyinsa ta hannun cibiyarta ta lafiyar ƙwaƙwalwa. An wallafa shi a 2005, Jeffrey Lieberman ne ya jagoranta. An ɗauki marasa lafiya 1,493 a cibiyoyi 57, aka raba su ta hanyar ƙuri'a tsakanin sababbi huɗu, olanzapine, quetiapine, risperidone da ziprasidone, da tsoho guda mai arha, perphenazine. Ba mara lafiya ba likita da ya san wanne ake sha. Ma'aunin da suka ɗauka ya burge ni saboda sauƙinsa: mutum nawa ne za su ci gaba da shan maganin da aka ba su har wata 18? Domin wanda magani bai yi masa aiki ba zai bari, wanda ya wahalar da shi ma zai bari.

Kashi 74 cikin 100 sun bar maganinsu kafin lokacin ya cika. Wannan shi ne babban labarin, kuma a ƙasar da ba kuɗin magani ne ya hana su ba. Olanzapine ne ya fi riƙe mutane, duk da haka kashi 64 sun bar shi. Risperidone kashi 74, perphenazine kashi 75, ziprasidone kashi 79, quetiapine kashi 82. A duba da kyau: tsohon mai arha yana tsakiyar sababbin, bai gaza uku daga cikinsu ba. Olanzapine kuma da ya zo na ɗaya, da tsada ya zo, domin kashi 30 na masu shansa sun ƙara fiye da kashi 7 cikin 100 na nauyin jikinsu, sukari da kitsen jini suka hau.

Shekara guda bayan haka aka fitar da na Birtaniya, CUtLASS, mai mutum 227, wanda ya auna jin daɗin rayuwa bayan shekara ɗaya. Masu binciken sun shiga da zaton sababbin za su yi nasara. Ba su yi ba. Amma kada kawu ya yi saurin cewa ai ya faɗa. Tsohon da aka gwada a CATIE perphenazine ne, mai matsakaicin ƙarfi, a kan adadi madaidaici, kuma ba a ba shi waɗanda suka riga suka kamu da motsin baki ba. A CUtLASS ma wanda likitoci suka fi zaɓa cikin tsofaffin sulpiride ne. Ba ɗayansu da ya wanke haloperidol mai yawa, balle haloperidol da Largactil da Modecate a haɗe a jikin mutum ɗaya.

An gwada haloperidol ɗin kansa a binciken EUFEST na 2008, a kan mutum 498 da ciwon ya fara kamawa, a ƙasashen Turai da Isra'ila, kuma ɗan kaɗan aka ba su, miligiram 1 zuwa 4. Bayan shekara, kashi 72 sun bar haloperidol, alhali kashi 33 ne suka bar olanzapine, kashi 40 amisulpride (shi ma cikin sababbin yake), kashi 53 quetiapine. Sai dai da aka auna alamomin ciwon, raguwar kusan ɗaya ce a duk rukunan, wajen kashi 60. A wannan binciken kowa ya san abin da ake sha, don haka mai yiwuwa likitoci sun fi saurin cire haloperidol saboda dama ba su yarda da shi ba. Duk da haka darasin na nan: sabon kamu, musamman matashi, jikinsa ba ya son haloperidol.

Daga baya Stefan Leucht na Jamus da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 212 masu mutum 43,049, suka jera magunguna 15 a mujallar Lancet a 2013. Clozapine ne a sama da tazara, sai amisulpride, olanzapine da risperidone, sauran suka biyo a cunkushe. An maimaita a 2019 da gwaje-gwaje 402 da magunguna 32, hoton bai canza sosai ba. Kusan duk wannan aikin a Turai, Amurka da Asiya aka yi shi, a kan mutanen da abincinsu, yanayinsu da asibitocinsu ba irin namu ba ne. Sai mu ɗauki lissafinsu mu auna da namu halin.

To, mu ɗauke su a jikin mutum.

Haloperidol da Stelazine suna da arha, ana samun su kusan ko'ina, ba sa sa ƙiba sosai, ba sa tayar da sukari kamar wasu. Matsalarsu jijiya da tsoka. Ga abin da ma'aikatan ɗakin gaggawa suka saba gani: saurayi ɗan shekara ashirin, kwana biyu da fara magani, an shigo da shi wuya ya karkace gefe, idanu sun kafe sama sai fari, harshe ya fito ya kasa komawa, yana ji yana gani amma ya kasa magana. Uwa na bayansa da kwalbar rubutu a hannu tana cewa, "Likita, ni dama na faɗa, wannan ba ciwon asibiti ba ne, mutanen ɓoye ne." Nas ta ce, "Mama, kwantar da hankalinki, maganin ne ya yi masa ƙarfi." A yi masa allura guda, kafin rabin awa wuya ya saki. Amma gidan da bai san da wannan ba tun farko, ranar suke zubar da maganin, sai kuma bayan wata shida a dawo da yaron a ɗaure. Ya kamata a gaya wa iyali tun ranar farko cewa hakan na iya faruwa, yana da magani, kuma in ya taɓa numfashi a garzaya asibiti.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa. Mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ƙafafu su hana shi sakat, ya tashi ya zauna, ya yi ta safa da marwa a tsakar gida. 'Yan uwa sai su ce ciwon ne ya motsa, a ƙara masa magani, abin ya daɗa muni. Tambaya ɗaya ke raba gardama: shi yake son yawon, ko ƙafafun ne suka ƙi tsayawa? Sai kuma wadda ke zuwa bayan shekaru, baki da harshe su riƙa motsi da kansu kamar mai tauna goro. Wannan ita ce abar gudu, domin sau da yawa ba ta tafiya ko an daina maganin. Wata tattarawa ta 2018 ta nuna tana kama kusan kashi 6.5 na masu shan tsofaffin a kowace shekara, da kashi 2.6 na masu shan sababbin. Tsofaffin mutane sun fi shiga haɗarinta.

Don kauce wa sanƙarewa ne ake haɗa Artane, wanda matasa suka fi sani da Exol. Ba na son yadda ake rubuta shi kai tsaye ga kowa har abada. Yana dusashe tunani, yana busar da baki, yana taurara bayan gida, yana rage gumi, kuma ba ya hana motsin bakin nan, yana ma iya tsananta shi. Ga kuma abin da kowa ya sani a garin nan, cewa ƙwaya ce da 'yan shaye-shaye ke nema. In akwai shi a gida, babba ya riƙe, ya riƙa ƙirga katin.

Largactil yana sa barci mai nauyi, wanda kan taimaka a makon farko ga wanda ya hana gida runtsawa. Amma yana saukar da jini idan mutum ya miƙe, sai jiri ya ɗebe shi, yana kuma sa fata ta ƙone a rana. Ga ɗan dako, ko mai tura ruwa, ko mai adaidaita sahu a bazarar Kano, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A lissafin Leucht ma yana can ƙasa wajen ƙarfi.

Olanzapine a ganina shi ne mafi ruɗi. Aikinsa na da kyau, ƙwaya ɗaya ce da dare, mutum ya yi barci, ya ci abinci, sanƙarewa kaɗan ce. Iyali sai murna, "Alhamdu lillahi, ya yi ƙiba, ya murmure." Mu dama ƙiba alamar samun lafiya ce a wurinmu, shi ya sa ba ma ganin haɗarin da wuri. Yunwar da yake sawa ba ta wasa ba ce: a ci tuwon dare, a nemi shayi da burodi, tsakar dare a tashi neman saura. Bayan shekara riga ta ƙi shiga, bayan wasu shekaru ga ciwon sukari. Masu wannan ciwon dama sukan rasu da wuri fiye da sauran jama'a, kuma ciwon zuciya na cikin manyan dalilai. Wanda sukari ke bin danginsa, ko mai jiki, ko mai hawan jini, ba da olanzapine zan so a fara masa ba. Wanda kuwa ya rame, ba barci, wasu magungunan sun gaza masa, zai iya zama rahama. Sharaɗin shi ne a auna nauyi, ƙugu, hawan jini da sukari kafin a fara, a sake bayan wata uku, sannan duk shekara. In nauyi ya yi tsalle a watan farko, alama ce ta inda aka dosa, a koma wa likita tun kafin tafiya ta yi nisa. Likitoci kan ƙara metformin, maganin ciwon sukari, ko su canza maganin. Wani abin da ba a cika faɗa ba: hayaƙin sigari yana rage ƙarfin olanzapine da clozapine a jini, don haka wanda ya daina sha ko ya fara, ya gaya wa likita.

Risperidone yana tsaka-tsaki, kuma shi ya sa ake yawan farawa da shi. Ƙarfinsa na cikin na gaba, ƙibarsa ba ta kai ta olanzapine ba, sanƙarewarsa ba ta kai ta haloperidol ba in bai wuce miligiram 4 zuwa 6 ba, farashinsa kuma ya sauko tunda kamfanoni da yawa ke yin sa. Aibinsa na wurin da kunya ke hana faɗa. Yana tayar da sinadarin furolaktin, wanda ke sa ruwan nono. Mace sai al'ada ta ɗauke, budurwa ta ga ruwa na fita a nononta, amarya ta shekara ba ciki. Namiji kuma sha'awa ta mutu, ko gaba ya yi rauni. A garin da ake ƙirga wa amarya watanni, ka san abin da zai biyo baya: za a ce maganin asibiti ya hana ta haihuwa, a daina, ciwo ya dawo, aure ya girgiza. Namiji kuwa ba zai faɗa wa kowa ba, zai bar maganin ne kawai ya nufi masu maganin maza. In likita bai tambaya ba, mara lafiya ya cire kunya ya faɗa, domin akwai mafita. Amisulpride, duk da ƙarfinsa, wannan aibin yake da shi.

Mafitar sau da yawa ita ce aripiprazole. Ba ya tayar da furolaktin, saukar da shi ma yake, ƙibarsa kaɗan ce, ba ya kashe jiki da barci, don haka ya dace da ɗalibi ko ma'aikaci. Amma yakan kawo rashin zama wuri ɗaya da rashin barci a farko, ya fi tsada, kuma ba ya kwantar da mai tsananin tashin hankali da sauri. Quetiapine kuwa yana cikin waɗanda suka fi sauƙi wajen sanƙarewa, sai dai yana sa barci da ƙiba, kuma a CATIE shi aka fi bari.

Duk wannan lissafin a kan wanda ke shan maganin ne. Tattarawar Leucht ta 2012, mai gwaje-gwaje 65, ta nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 na waɗanda suka ci gaba da magani, da kashi 64 na waɗanda aka mayar kan ƙwayar wofi. Wannan tazarar ta fi duk wata tazara da ke tsakanin wannan magani da wancan. A nan allura mai daɗewa ke shigowa. Modecate duk mako biyu zuwa huɗu, haloperidol na allura duk wata, flupentixol shi ma duk mako biyu zuwa huɗu. Wani babban bincike a Suwidin a 2017, wanda ya bi mutum 29,823, ya gano masu allura sun fi masu shan ƙwayar irin maganin ƙarancin komawa gadon asibiti da kashi 20 zuwa 30. Allura na kashe rigimar kullum ta "ka sha, ban sha ba", kuma ranar da aka tsallake kowa ya sani.

Ko sai an sayi sabuwar allura mai tsada? An kara paliperidone na wata-wata da tsohuwar allurar haloperidol a Amurka, aka wallafa a 2014, mutum 311. Wajen hana ciwon dawowa ba a ga bambanci ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka gaza a kowane ɓangare. Paliperidone ya fi sa ƙiba da furolaktin, haloperidol ya fi sa rashin zama. Ga gidan da kuɗi ke wahala, wannan labari ne mai daɗi. Allurar risperidone ta mako biyu kuma firji take buƙata, kowa ya san halin wuta. Abin lura da allura shi ne in ta shiga ta shiga, ba a fitar da ita, shi ya sa ake fara gwada ɗan kaɗan. A azumi ma tana sauƙaƙa lamari. Malamai da yawa na ganin allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi, mai shakka ya tambayi malaminsa. Masu ƙwayar dare ɗaya ba su da matsala, masu sau biyu a daidaita da sahur da buɗa baki bisa shawarar likita.

Saura clozapine, wanda shi kaɗai ne za a ce ya fi ba tare da an yi ƙarya ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya ba sa samun sauƙin kirki da magungunan da aka saba. An janye clozapine a ƙasashe da dama bayan 1975, lokacin da mutum takwas suka rasu a Finlan saboda ya kashe musu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. John Kane ne ya dawo da shi da binciken 1988: cikin waɗanda komai ya gaza musu, kashi 30 sun samu sauƙi da clozapine cikin mako shida, kashi 4 kacal da chlorpromazine. A 2003 wani binciken mai mutum 980 ya nuna ya fi olanzapine rage yunƙurin kashe kai. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce, in an gwada magani biyu daban-daban, kowanne da isasshen adadi na mako huɗu zuwa shida, kuma an tabbatar ana sha, ba sauƙi, to lokacin clozapine ya yi. Abin da aka fi yi maimakon haka shi ne a tara uku ko huɗu a haɗe, a yi ta shekaru.

Amma clozapine ba na kowane gida ba ne. Kusan mutum 1 cikin 100 ne fararen ƙwayoyin jininsa ke faɗuwa zuwa matakin haɗari, yawanci a watannin farko. Tsarin Birtaniya shi ne gwajin jini duk mako har mako 18, sannan duk mako biyu har shekara ta cika, sannan duk wata. A lissafa kuɗin gwajin da kuɗin mota daga Rijiyar Lemo ko Sheka ko wani ƙauye, a ga ko za a iya. Mai shan clozapine in ya yi zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, ba maganin maleriya za a saya masa a kemis ba, gwajin jini za a yi ranar. Yana sa dalalar miyau har matashin kai ya jiƙe, da barci, da ƙiba irin ta olanzapine, da taurin bayan gida wanda kan kai ga toshewar hanji in an yi sakaci, wani lokaci farfaɗiya ko kumburin zuciya. In an tsallake fiye da kwana biyu ba a komawa kan adadin da ake, daga ƙasa ake sake farawa, don haka dole a tabbatar da inda za a riƙa samun sa ba yankewa. Ba a haɗa shi da carbamazepine, maganin farfaɗiya. Ciprofloxacin, da ake sha barkatai da sunan taifot, yana ɗaga shi a jini, yawan goro da kofi ma haka.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma suna da wani nau'in jini na gado, wanda ba shi da alamar da ake kira Duffy, kuma masu shi fararen ƙwayoyin jininsu kan zauna ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba. In aka auna Bakano da ma'aunin Bature, ana iya hana shi clozapine ko a cire masa ba gaira ba dalili. Birtaniya da Amurka sun ware wa irin waɗannan mutane ma'auni na daban. Ya kamata a yi gwajin jini tun kafin a fara, don a san inda mutum yake tun asali.

In ni aka tambaya, ga yadda zan karkata, likita kuma ya yanke. Matashi sabon kamu: risperidone kaɗan, ko aripiprazole in da hali. Mace mai neman haihuwa: a nisanci masu tayar da furolaktin. Mai sukari ko teɓa: aripiprazole, ko haloperidol kaɗan. Gidan da kuɗi ya yi ƙaranci: tsohon magani a kan ƙaramin adadi, wanda za a iya saye kowane wata, ya fi olanzapine na mako biyu a sha mako biyu a rasa. Wanda ya sha bari yana dawowa: allura. Mai juna biyu kada ta tsayar da magani da kanta, ta je a duba, musamman in an haɗa mata da maganin farfaɗiya mai suna valproate, domin shi ne mai haɗari ga jariri. Tsoho mai ciwon mantuwa kuwa, duk waɗannan magungunan na ƙara masa haɗarin shanyewar jiki da mutuwa, ba a ba shi sai dole, kuma na ɗan lokaci. A Satumbar 2024 Amurka ta amince da Cobenfy, na farko da ba ta mashigar dofamin yake bi ba, amma gwaje-gwajen da aka amince da shi a kansu na makonni biyar ne, kuma farashinsa ba namu ba ne tukuna.

Batun ruƙiya da addu'a ba sai an yi faɗa a kai ba. Farfesa Oye Gureje ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi, aka wallafa a Lancet a 2020, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa kai magani wuraren masu maganin gargajiya da na addini suna aiki tare. Bayan wata shida marasa lafiyar da aka yi wa haka sun fi sauran samun sauƙi. A yi addu'a, a sha magani. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mari da duka da hana abinci, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi, a yi masa bayanin abin da ake ba shi.

Bayan ciwon farko ana ci gaba da magani aƙalla shekara guda da lafawa, likitoci da yawa sukan kai biyu, wanda ya sha maimaitawa kuma ya fi haka nesa. Ragewa a hankali ake yi cikin watanni. Ranar ganin likita a tafi da kwalayen duk abin da ake sha, har da na tarin fuka in akwai, domin rifampicin na rage ƙarfin da yawa daga cikinsu. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. In kuwa mai shan kowanne daga cikinsu ya yi zazzaɓi mai zafi, jiki ya sandare, gumi na karyo masa, hankali ya gushe, kada a ba shi ƙwayar gaba, a ɗauke shi zuwa ɗakin gaggawa tare da kwalin maganin.